Kwanon Baƙo a Cikin Kwamfuta

Shekarar da gwiwata ta hagu ta ƙi ni, ɗiyata ta kafa mini ƙahon zuƙa wai sai na bar gidanmu na Adjamé na koma wurinta a Treichville. A bakin famfo na faɗi, da rana tsaka, da bokiti a hannu, kuma kafin in gama miƙewa duk layinmu ya ji labari. Ba wata faɗuwa ba ce ta a zo a gani. Amma tun ranar, duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya ta harari dakalin famfon nan, sannan ta juyo kaina.

"Inna, gidana ba tsani za ki hau ba, akwai asansar mai ɗaga mutum har ƙofa. Ga likita a ƙasan bene. Me kike tsaro a nan?"

Na ce mata kwano nake tsaro.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne. Fatake daga Maraɗi da Damagaram da Kano su kan sauka a tashar Adjamé bayan kwanaki cikin mota, ƙafa a kumbure, wani sarin goro ya zo, wani kayansa ne suka iso tashar jirgin ruwa. Wani ko kalmar Faransanci ɗaya ba ya ji. Sai a nuna masa ƙofarmu. Saboda haka a gidan nan, kullum aka sauke tukunyar yamma, kafin a zuba wa kowa sai an fara zuba wa baƙo a wani kwanon samira mai murfi, a ɗora shi a kan kanta kusa da ɗakin baƙi. Ko an yi baƙo ko ba a yi ba. In gari ya waye ba wanda ya zo, mu yi ɗumame da shi. Maigida ya rasu, 'ya'yana maza suka watse neman abinci, ni kuwa ban fasa zubawa ba ko sau ɗaya.

Ita wannan ɗiyar ita ce 'yata ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba zan fara yau a takarda ba. Haka muka taso muka tarar: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a cin abinci kwano ɗaya da ita, ba a jan ta a jiki a gaban mutane. Ana yaye ta yayar maigidana ta ɗauke ta zuwa Treichville, bayan babbar kasuwa. Can ta girma, can ta yi lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ya riga Hausa zama a bakinta. Hausarta tana nan, sai dai in ta yi fushi ta kan gudu ta bar ta.

Aikinta kuwa, na daɗe ina ce wa mutane aikin kwamfuta take yi, in rufe zancen. Ashe robo suke koyarwa, mutum-mutumin nan na ƙarfe da ake so ya riƙa taimakon tsofaffi a cikin gida. Ba su ke ƙera shi ba, su hankali suke rubuta masa. Ta ce mini duk abin da ɗan Adam ya sani ba tare da an gaya masa ba, robo bai san ko ɗaya ba. Bai san kofi bakinsa sama ake ajiye shi ba. Bai san ba a sa takalmi a firiji ba. Sai an zauna an rubuta masa kowane abu da jinsinsa, kowane jinsi da wanda yake ƙarƙashinsa, da amfaninsa, da wurin zamansa, da mai shi. Ta ce sunan wannan rubutu ontoloji. Wanda suke da shi daga waje aka kawo, don gidajen wasu aka yi shi, shi ya sa suke neman tsohuwa wadda ta san gida irin namu.

"Wato kun rasa mai hankali a ofis ɗin gaba ɗaya," na ce.

"Irin naki muka rasa, Inna."

Na san dabara ce, so take in saba da ƙetare gadar da ke tsakanin unguwarmu da tata. Amma shekara arba'in na yi ina sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, kuma zaman gida ya ishe ni. Na ce a turo taksi.

Ofishinsu yana wani bene ta wajen sito-siton tashar jirgin ruwa, ana jin ƙugin manyan motoci ta taga. Aka nuna mini robon. Tsawonsa bai fi turmi ba, yana kan ƙafar roba, da hannu guda ɗaya tal. Aka ce ya miƙo mini ruwa, ya miƙo. Na tambaya wannan hannun dama ne ko hagu. Suka dubi juna, suka ce ba dama ba ne, ba hagu ba ne. Na ce to ya riƙe ruwansa har ya yanke shawara.

Sai suka ce za su gwada mini aikinsa a wani ɗan kicin da suka shirya. Na ajiye butar alwalata ta roba a bakin ƙofa. Robon ya gangaro, ya tsaya a kanta ya yi dogon nazari, ya ɗauke ta a hankali, ya je ya ɗora ta a kan murhun gas. Ɗiyata ta zabura za ta kashe shi. Na ce ta bar shi, ina so in ga ko shayi zai ba mu. A rubutun da aka ba shi, duk abu mai hanci da mariƙi tukunyar dafa ruwa ce, wurinta kan wuta. Ranar muka buɗe wa buta gidanta a cikin rubutun, muka rubuta cewa ba ta hawa wuta, ba ta hawa teburin cin abinci, kuma wadda ta shiga bayi ba a zuba ruwan sha da ita.

Haka muka riƙa yi duk Talata da Alhamis. Ita tana gaban kwamfuta, ni ina kujera da ƙafa a miƙe kan kwali. A gefen hagu na allon akwai jerin abubuwa mai rassa, ta taɓa reshe ya buɗe, ta sake taɓawa ya rufe. Sannan akwai wani maɓalli da in ta danna, na'urar za ta bi duk maganar da muka taɓa faɗa tun daga farko, in ta sami biyu da suka ci karo sai ta yi ja. Na sa mata suna alƙali. Na ce ba a ajiye abinci a ƙasa, aka rubuta. Bayan kwana biyu na ce a ƙasa muke zama mu ci tuwo, aka rubuta. Alƙali ya yi ja. Na ce kai, wannan wane irin ɗan neman magana ne, kan tabarma nake nufi, cikin kwano! Ɗiyata ta ce ai ban faɗa ba. Na ce takalmi ba ya shiga ɗaki, ya tuna mini na ce sabon takalmin salla ƙarƙashin gado ake ajiye shi. Duk zamana a kasuwa ba wanda ya taɓa kama ni da magana biyu, sai ga shi wani abu marar baki yana kama ni sau uku kafin azahar. Haushinsa nake ji, amma wallahi ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da rubutun ya yi kauri, suka ce sai an gwada shi da gida na gaske. Aka ba ni littafi in riƙa rubuta duk abin da ya faru a sashena na tsawon wata guda: wa ya shigo, me aka yi masa, me aka ci, me aka ajiye a ina. Masu haya na ɗakunan baya tukunyarsu daban, ba a sa su ba. Na yi karatun yaƙi da jahilci a masallacin unguwa, rubutuna manya-manya ne amma ana karantawa. Duk mako ɗiyata ta karɓi littafin ta zuba abin da ke ciki a kwamfuta, tana yi tana amsa waya.

Makon farko kwanon baƙo ya jawo rigima. A ƙa'idar robo, abincin da aka zuba, aka rufe, ba shi da mai shi, kuma ya wuce sa'a biyu, saura ne. A kai shi firiji ko a zubar.

"Yana da mai shi," na ce.

"Wa ke nan?"

"Bai zo ba tukuna."

"Sunansa fa? Akwai gurbin da dole a cike."

"Ke, in na san sunansa ai ba baƙo ba ne!"

Ta ɗan tauna bayan biro. Can ta ce akwai hanya. Za mu buɗe sabon jinsi mai suna baƙo, mu ce kwanon na duk wanda ya faɗo cikin jinsin ne. Amma sai na faɗi yadda ake gane baƙo dalla-dalla, don robo ba ya gane mutum da fuska ko da ƙurar hanya. Yini guda muka yi a kai. Na ce baƙo ba ya kwana a gidan a kullum. Yana zuwa ba sanarwa. Ruwa ake fara ba shi kafin a tambaye shi komai. Ba ya taɓa tukunya, ko ya ce zai taimaka sai a ce ya zauna ya huta. Bai san inda ake ajiye kaya ba, sai ya tambaya. In zai tafi, a raka shi har bakin titi. Ta tambaye ni ko ɗan gida zai iya zama baƙo. Na ce wace irin tambaya ce wannan, ɗan gida ɗan gida ne, baƙo baƙo ne, ta rubuta da babban baƙi kada robon ya je ya ba mu kunya. Ta rubuta.

Sai ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

"Inna, mu yi alkawari. In wata ya cika, alƙali ya duba littafin bai sami baƙo ko ɗaya ba, za ki dawo wurina. In ya samu, na daina maganar har abada."

Na ce na yarda, da ƙarfi ma, don abokan aikinta suna ji. Amma na sha jinin jikina. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce fatake sun daina zuwa. Yanzu mutum yana zaune a shagonsa a Maraɗi zai ga kaya a waya, ya yi ciniki a waya, mota ta kai masa. Wanda ma ya zo, otal yake sauka mai fanka da talabijin. Dogarona duk a kan wani dattijo mai goro yake, abokin maigida, wanda ya kan biyo ta wurinmu a irin wannan lokacin. Na gyara ɗakin baƙi, na shanya katifa, na sa turaren wuta. Ana saura kwana huɗu wata ya cika ya bugo mini waya, ya ce bana ɗansa ya tura masa kayan, shi ƙafa ta hana shi tafiya. Na yi masa sannu, na ce Allah ya ba da lafiya. Na ajiye wayar na zage shi tas, Allah ya yafe mini.

Akwai ranar da na ɗauki biro zan ƙirƙiro baƙo, wani Bazabarme mai neman ɗan'uwansa. Har na rubuta masa riga. Sai na tuna alƙali zai tambaye ni ta ina ya shigo, wa ya gan shi, kuma ni tsohuwa ce mai salla. Na yage shafin na kunna wuta da shi.

Ranar hukunci na sa atamfata mai kyau, don in za a kore ni daga gidana gara a kore ni da shiga ta mutunci. Alhamis ce, bayan azahar, sauran ma'aikatan sun fita cin aceke, dambun rogon nan, a bakin titi. Mu biyu ne kawai, sai robon a lungu an juya shi yana kallon bango. Ta zuba shafukan ƙarshe. Ta ce, "Kin shirya?" Na ce ta danna, ba haihuwa ba ce.

Na zaci fili zan gani, fari fat. Sai allon ya yi ja.

Ta matso da fuskarta, ta taɓa reshen baƙo ya buɗe. Akwai mutum ɗaya a ciki. Ban iya karanta ƙananan baƙaƙen nan ba sai da tabarau, amma wannan sunan ni na ji an raɗa shi, ko daga nesa na san tsawonsa. Ita ce. Jan kuwa saboda tun farko ta sa kanta a reshen 'yan gida, ga shi kuma alƙali ya bi littafina ya kai ta reshen baƙi, alhali mun ce mutum ɗaya ba ya zama duka biyun.

"Ya rikice," na ce. "Zafi ne. Kashe shi ki kunna."

Ba ta kashe ba. Ta jawo littafin ta buɗe, tana karanta rubutuna da ƙarfi, a hankali, da Hausarta mai tsayawa a hanya. Juma'a ta farko: ta zo ba sanarwa daga wurin aiki, na ba ta ruwa, ta tambayi inda cokali yake, ta ci na kwanon samira, na raka ta bakin titi. Laraba: ta zo, ta ce za ta tuƙa tuwo, na ce ta zauna ta huta. Juma'a ta biyu: ta nemi gishiri ba ta gani ba, na miƙo mata, ta ci na kwano. Sau bakwai a wata guda. Ni na rubuta, don an ce in rubuta komai, ita kuma ta zuba su da hannunta tana amsa waya, ba wadda ta lura a cikinmu.

"Ai don kina zuwa da yunwa ne," na ce, "shi ne abincin da yake a zube. Kuma kin san ba zan sa hannu kwano ɗaya da ke ba."

"Na sani, Inna."

"To goge."

"Wanne zan goge? Sharuɗɗa shida kika ba ni. Nuna mini na ƙarya in cire shi."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, kamar mai neman tsaga a atamfa. Ban sami ko ɗaya ba.

Ta faɗi wata magana da Faransanci wadda ban kama ba, sannan ta share ido da bayan hannu, ta yi 'yar dariya. "Kin ci, Inna. An sami baƙo. Na daina maganar, kamar yadda na yi alkawari." Ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu. "Ni na roƙi a ba ni wannan sashen aikin, kin sani? Na ce ko ta haka zan san yadda gidanmu yake."

Ban taɓa cin nasarar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Na ji na yi laifi, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Abin da uwata ta yi wa yayana shi na yi mata, ban ƙara ba, ban rage ba, kuma duk unguwa ana yabona da kawaici. Ga shi mace ta haura shekara talatin ba ta san inda uwarta take ajiye gishiri ba, sai da ta bi ta cikin na'ura ta tambaya. Na shiga taksi, muka hau gada. Direban yana ta ba ni labarin cunkoso, ni ina kallon ruwa.

Ta cika alkawarinta, ba ta sake ta da zancen ba. Mako biyu ina zuba kwanon ina kallonsa a kan kanta. Yanzu na san mai shi, na san inda take kwana, na san ƙarfe nawa take tashi daga aiki ta tarar da gida ba wuta a murhu. Ranar Juma'a da ta zo, ban ba ta ruwa ba. Ta tsaya tsakar gida tana jira, abin har ya so ya ba ni dariya.

"Randa tana bayan ƙofa, moɗa tana kan murfi," na ce. "In kin sha, ki shiga kicin ki fara ɗaure tukwane. Asansar ɗin nan naku yana ɗaukar turmi?"

Ta dube ni. Na ce ta daina kallona, rana tana yi.

Kwana uku muka yi muna haɗa kaya, ita a kicin, ni a kan kujera ina gaya mata abin da ke cikin kowane gwangwani. Ta fasa mini tulu ɗaya, na yi mata faɗa sosai, irin faɗan da ban taɓa yi mata ba, ta tsaya tana murmushi kamar an ba ta kyauta. Sashena na bar wa masu haya su riƙa dubawa. Ranar tashi motar kaya ta zo da hantsi, aka loda, na bi ɗakuna ina kullewa. Da na zo ɗakin baƙi na jawo ƙofar, na laluba inda zan maƙala kwaɗo, babu. Na duba sama, na duba ƙasa. Sakata ce kawai ta ciki, wadda mai kwana zai sa don ya huta. Tun da aka gina ɗakin ba wanda ya taɓa tunanin za a rufe shi ta waje.

Aka kira wani dattijon kafinta daga bakin layi. Ya zo da jakarsa, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce mai kyau ne, irinsa ya ƙare a kasuwa. Ya tambaya ko na tabbata ya huda. Na ce ya huda. Ina tsaye ina riƙe masa kusoshi ya kafa ƙarfen, ya gwada, ya miƙo mini kwaɗon. Na kulle da hannuna, na ja sau biyu in ji ko ya kama, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutumin nan da direba da masu haya.

Kafintan ya rikice, ya tambaye ni ko ƙofar ce ta matse mini yatsa. Na ce masa e.